Ajin da Doka Ba ta Shiga ba: Tarken Littafin Reunion na Fred Uhlman

Gabatarwa

An saba karanta Reunion, gajeren ƙagaggen labarin da Fred Uhlman ya wallafa da Ingilishi a 1971, a matsayin labarin abota: samari biyu 'yan shekara goma sha shida, ɗaya ɗan likita Bayahude, ɗaya ɗan gidan sarauta, waɗanda siyasar Jamus ta shiga tsakaninsu. Wannan karatu yana da hujjarsa, domin abotar ce ta cinye mafi yawan shafukan littafin. Sai dai a wannan maƙala ina so in dubi littafin ta wata fuska, wato a matsayin bayanin yadda makaranta ke sakin hannun ɗalibinta. Tambayar da zan bi ita ce: me doka za ta iya yi wa ɗalibi Bayahude da ake muzantawa a aji, kuma a ina ƙarfinta yake ƙarewa? Ra'ayina shi ne, Uhlman ya gano ainihin wurin da haƙƙin ɗalibi yake rayuwa ko ya mutu, wato bakin malamin da aka kai wa ƙara, tun kafin kotuna su kai ga wannan wuri. Zan kuma nuna cewa ƙarshen littafin, duk da farin jinin da ya samu, ya ɗan janye idon mai karatu daga wannan gaskiya.

Marubucin da Labarinsa

An haifi Fred Uhlman a birnin Stuttgart a 1901. Lauya ne ta fuskar sana'a, kuma ɗan jam'iyyar SPD mai adawa da 'yan Nazi. Ya tsere zuwa Faransa a watan Maris na 1933, ya koma zanen hotuna, ya isa Ingila a 1936, ya rasu a Landan a 1985. Iyayensa sun mutu a sansanin Theresienstadt. Littafin bai yi kasuwa ba da farko, sai da aka sake buga shi a 1977 tare da gabatarwar Arthur Koestler, sa'annan aka mai da shi fim a 1989.

Tauraron labarin, Hans Schwarz, shi ne mai ba da shi da bakinsa, bayan kimanin shekara talatin da faruwarsa. A watan Fabrairu na 1932 aka kawo sabon ɗalibi ajinsu a makarantar Karl Alexander da ke Stuttgart, mai suna Konradin von Hohenfels, ɗan wani gida mai tsohon tarihi. Suka ƙulla abota, suna yawo a karkara, suna muhawara a kan waƙa da addini. Kafin shekara ta zagayo iska ta sauya: 'yan aji suka juya wa Hans baya, malami ya goya musu baya, aboki ya yi shiru. Iyayensa suka tura shi Amurka, daga baya suka kashe kansu. Hans ya zama lauya a New York.

Ya kamata a riƙe wannan tun daga farko: lauya ne ya rubuta littafin, lauya ne kuma yake ba da labarin, amma babu kotu ko ƙara ko takardar koke a cikinsa. A ganina wannan rashi shi ne babban abin da littafin yake faɗa game da doka.

Dokar da ke Cikin Takarda

Uhlman ya zaɓi lokacin labarinsa da hikima. Duk abin da ya sami Hans a makaranta ya faru ne a 1932, ya kuma bar ƙasar a watan Janairu na 1933. An naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933. Ke nan ba a ƙarƙashin dokar 'yan Nazi aka wulaƙanta Hans ba. An yi shi ne a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin Weimar na 1919, wanda sashe na 109 nasa ya daidaita dukan Jamusawa a gaban doka, sashe na 135 ya tabbatar da 'yancin addini, sashe na 148 kuma ya wajabta cewa a lokacin koyarwa a makarantun gwamnati a kiyaye ɓata ran masu wani ra'ayi ko aƙida daban. Da wuya a sami kalmomin da suka fi waɗannan dacewa da halin da Hans ya shiga.

Amma ko sau ɗaya bai faɗo wa Hans a rai ba cewa yana da inda zai kai kuka, haka ma mahaifinsa, mai ilimi da matsayi. Tanadin yana nan a rubuce, sai dai babu ƙofar da yaro zai ƙwanƙwasa, babu kuma wani abin da zai sami makaranta idan ta yi biris. Mai karatu da ya zaci cewa masifar ɗalibai Yahudawa a Jamus ta soma ne da mugayen dokoki, littafin yana gyara masa zato: ta soma ne a lokacin da kyawawan dokoki suke nan daram, ba mai aiwatar da su. Mugayen dokokin sun zo daga baya, suka tarar an riga an share musu fage.

Hukuncin Pompetzki

Zuciyar littafin, a wannan karatu nawa, fage ne guda ɗaya gajere. An kawo sabon malamin tarihi mai suna Pompetzki, wanda ya buɗe darasinsa da koyar da fifikon jinsin Ariya da kuma wasu miyagun ƙarfi na ɓoye da ya ce suna rusa Jamus. Ba da jimawa ba wani ɗan aji, Bollacher, ya manna takardar ɓatanci ga Yahudawa a teburin Hans, ya ce masa ya koma Falasɗinu. Hans ya kai masa duka. Suna cikin kokawa malamin ya shigo, ya tambayi dalili. Hans ya ce an zage shi, ya kuma faɗi abin da aka ce masa. Sai malamin ya amsa masa cikin natsuwa cewa wannan ai shawara ce ta alheri, babu zagi a cikinta, ya sa su zauna, ya lallashi Bollacher da cewa ya ƙara haƙuri.

Idan aka duba zubin wannan fage za a ga shari'a ce cikakkiya: ga mai ƙara, ga wanda ake ƙara, ga shaidu cike da ɗaki, ga alƙali. An ji bayani, an yanke hukunci. Abin lura shi ne, alƙalin bai musa abin da ya faru ba, bai ce Hans ƙarya yake yi ba. Ya karɓi labarin yadda yake, ya sauya masa suna kawai. Da zarar an kira zagi shawara, ba sauran laifin da za a hukunta, sai dukan da Hans ya yi. Wanda aka zalunta ya koma mai tsokana, ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na kundin doka ba.

Salon Uhlman a nan ya dace da abin da yake bayyanawa. Bai sa malamin ya ɗaga murya ba, bai ba shi siffar dodo ba. Da ya yi haka, da mai karatu ya sami sauƙin cewa wannan mahaukaci ne, ba a samun irinsa a makarantarmu. Taushin muryar Pompetzki shi ne abin tsoro, domin irin muryar da ake ji ce a kowane ofishi idan ana son kashe magana: wasa ne na yara, kada ka ɗauka da zafi. Haka nan marubucin bai mai da dukan ajin mugaye ba. Kaɗan ne masu zagi. Sauran sun tsaya suna kallo, suna jiran su ga inda babba zai karkata. Hukuncin malamin darasi ne gare su, wanda ya fi na tarihin da ya zo koyarwa shiga zuciya. Daga ranar kowa ya san abin da aka halatta.

Kariya a Matsayin Lada

Jigo na biyu da ya shafi doka yana tattare da mahaifin Hans. Likita ne da ya yi wa Jamus yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sami lambar jarumta ta Gicciyen Ƙarfe. Ya ɗauki aƙidar Nazi a matsayin ciwo mai wucewa, ya kori mai neman gudunmawar kafa ƙasar Yahudawa daga gidansa, yana mai cewa shi ɗan Stuttgart ne. Ranar da aka tsayar da ɗan Nazi a ƙofar asibitinsa don ya kori marasa lafiya, sai ya saka kakinsa na soja da lambarsa, ya fito ya tsaya kusa da shi, har jama'a suka kunyata mai gadin. Fage ne mai ban sha'awa, amma a ƙarƙashinsa akwai tarko: mutumin yana neman a kyale shi ne saboda abin da ya yi wa ƙasa, alhali abin da ya cancanta shi ne a kyale shi saboda shi ɗan ƙasa ne kawai.

Tarihi ya nuna inda wannan tunani yake kaiwa. Ranar 25 ga Afrilu, 1933, gwamnatin Hitler ta kafa dokar da ta kira ta hana cunkoso a makarantu da jami'o'i. Dokar ta taƙaita sababbin ɗalibai Yahudawa zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, amma ta keɓe 'ya'yan waɗanda suka yi yaƙi a fagen daga. Da Hans ya zauna, da lambar mahaifinsa ta riƙe masa kujerarsa na ɗan lokaci. Ranar 15 ga Nuwamba, 1938, kwanaki kaɗan bayan daren da aka ƙona majami'un Yahudawa, aka kori dukan yaran Yahudawa daga makarantun Jamus, ba a tambayi lambar uban kowa ba. A 1942 aka rufe makarantun Yahudawan su ma. Kariyar da aka ba mutum a matsayin lada, wanda ya ba da ita yana iya karɓewa ranar da ya ga dama.

Wannan tunani ne ya sake fitowa a wasiƙar bankwana da Konradin ya aika wa Hans, inda ya bayyana cewa ya yi imani da Hitler, yana kuma fatan shugaban zai iya rarrabe Yahudawan kirki da waɗanda ba na kirki ba. Yaron yana ganin ta'aziyya yake yi. Uhlman ya bar wasiƙar ba tare da dogon sharhi ba, kuma ya yi daidai, domin mai karatu yana ganin cewa abokin da ya fi kowa ƙaunar Hans ya amince a kafa ma'auni, yana roƙon kawai a auna abokinsa da sassauci.

Daga Stuttgart zuwa New York

Tun da a Amurka Hans ya ƙare, kuma aikin lauya ya kama, ya dace a tambaya: da ajin nan a can yake a yau, me doka za ta ce? Ita ma ƙasar ba ta tsira daga wannan cuta ba. A 1922 shugaban Jami'ar Harvard, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa. Babi na Shida na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya haramta wariya a duk wata cibiya mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, amma ya ambaci jinsi da launin fata da asalin ƙasa ne kawai, bai ambaci addini ba. Wannan giɓi ya daɗe yana barin ɗalibi Bayahude a tsakiya: ɗan addini ne, ko ɗan ƙabila? A 2004 ofishin kare 'yancin jama'a na Ma'aikatar Ilimi ya bayyana cewa dokar ta shafi ɗalibai Yahudawa da Larabawa Musulmi da mabiya addinin Sikh idan an muzanta musu saboda asali ko zuriya, aka kuma ƙarfafa wannan matsayi a 2010. Inuwa ɗaya ce ta rufe ɗalibi Bayahude da ɗalibi Musulmi. Duk wanda ya sare bishiyar don ya hana ɗayansu hutawa, ya bar ɗayan ma a rana.

Abin da ya fi kusa da fagen Pompetzki shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1999 a shari'ar Davis, wadda ta shafi yarinya 'yar firamare da ɗan ajinsu ya addaba a jihar Georgia. Kotun ta ce ana iya kama makaranta da alhakin cin zarafin da ɗalibi ya yi wa ɗalibi, idan hukumar makarantar ta san da shi, ta kuma kau da kai da gangan, kuma abin ya yi tsananin da ya hana yaron cin moriyar karatunsa. Ƙananan kotuna sun yi amfani da wannan ma'auni a shari'o'in wariyar asali. A gundumar makarantu ta Pine Bush da ke jihar New York, ɗalibai Yahudawa biyar sun kai ƙara a 2012, suna cewa an shafe shekaru ana zana tambarin 'yan Nazi a bango da tebura, ana jifan su da sulalla, hukuma tana sane. A 2014 alƙalin tarayya ya ƙi korar ƙarar, a 2015 kuma gundumar ta amince ta biya dala miliyan 4.48, tare da sauya manhaja da horon malamai.

Muhimmancin wannan ci gaba shi ne, ya kau da tambaya daga kan Bollacher ya mai da ita kan Pompetzki. Doka ba za ta iya hana yaro mugun baki ba, amma tana iya tambayar babban da aka kai wa ƙara: me ka sani, yaushe ka sani, me kuma ka yi? Wannan ita ce tambayar da Uhlman ya ɗora littafinsa a kanta shekara ashirin da takwas kafin hukuncin Davis. Duk da haka ma'aunin yana da tsauri. Kafin kotu ta yarda cewa cin zarafi ya kai tsananin da ake buƙata, sau da yawa yaron ya riga ya bar makarantar, kamar yadda Hans ya bar tasa. Diyya tana zuwa ne bayan ƙuruciya ta wuce.

Inda Doka ta Tsaya

Akwai kuma abin da babu dokar da za ta kai gare shi, Uhlman ya san da haka. Raunin da ya fi yi wa Hans zafi ya same shi ne a gidan wasan opera, daren da aka nuna Fidelio na Beethoven, wasan da jigonsa shi ne riƙon amana ga wanda aka ɗaure bisa zalunci. Konradin ya wuce shi tare da iyayensa kamar bai taɓa ganinsa ba, saboda mahaifiyarsa ba ta ƙaunar Yahudawa ko kaɗan. Haka ma ranar kokawar, Hans ya fito yana sa ran samun abokinsa a bakin ƙofa, bai ga kowa ba. Shiru ma magana ce, amma ba a kai shiru kotu. Ba alƙalin da zai tilasta wa yaro ya gai da abokinsa.

A nan ne littafin yake taimaka mana da muhawarar yau. A 2016 ƙawancen ƙasashe masu raya tunawa da kisan ƙare-dangin Yahudawa ya amince da wata ma'ana ta ƙin jinin Yahudawa, mai ɗauke da misalai goma sha ɗaya, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila. A watan Disamba na 2019 Shugaba Trump ya ba da umarni cewa hukumomi su yi la'akari da ita wajen aiwatar da Babi na Shida. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta ainihin ma'anar, ya fito fili ya soki mai da ita ma'aunin hukunta magana a jami'o'i. Bayan 7 ga Oktoba, 2023, da yaƙin Gaza, koke-koke sun yawaita daga ɗalibai Yahudawa, haka ma daga Musulmi da Larabawa.

Ban ga littafin ya bar mu cikin ruɗani a kan wannan ba. Bollacher ba ra'ayi ya bayyana a kan wata gwamnati ba. Yaro ya nuna da yatsa, ya ce masa wannan ɗaki ba naka ba ne, ya jingina shi ga ƙasar da bai taɓa gani ba. Ɗalibin da ya soki gwamnatin Isra'ila ko ya yi zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa yana cikin 'yancinsa, kuma dokar da ta toshe masa baki ta kauce hanya. Wanda kuwa ya tare ɗan ajinsu Bayahude ya ɗora masa alhakin yaƙi saboda sunansa ko hularsa, aikin Bollacher ya yi, ko da wace tuta ya riƙe. Rarrabe waɗannan biyu aiki ne da ke kan malami kowace rana, kuma malamin da ya kira na biyun siyasa kawai ya maimaita hukuncin Pompetzki.

Ƙarshen Littafin da Rauninsa

Bayan shekara talatin Hans ya sami takarda daga tsohuwar makarantarsa, tana neman gudunmawar gina abin tunawa da ɗalibanta da suka mutu a yaƙi. Fiye da rabin 'yan ajinsa suna cikin jerin. Ya daɗe yana tsallake harafin sunan abokinsa, da ya duba sai ya ga an kashe Konradin ne saboda hannunsa a yunƙurin hallaka Hitler. A nan littafin ya rufe. Mai karatun da ya san cewa Uhlman da Claus von Stauffenberg, jagoran yunƙurin 20 ga Yuli, 1944, makaranta ɗaya suka yi a Stuttgart, zai ga inda marubucin ya samo wannan zare.

Ba na musun ƙarfin wannan rufewa. Amma ina ganin tana da farashi. Layin ƙarshe ya wanke aboki, ya mai da labarin korar yaro labarin tuban ɗan sarauta, mai karatu ya ajiye littafin da sanyin zuciya. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai yana cikin ambulan ɗin kansa: makarantar da ta bari aka kori Hans ta iya binciko adireshinsa a wata nahiya don neman kuɗi, ba ta kuwa aiko da kalma ɗaya ta ban haƙuri ba. Uhlman ya nuna wannan, ya wuce da sauri. Jarumtar Konradin a 1944 gaskiya ce a cikin labarin, sai dai ba ta mai da wa Hans kujerarsa ta 1932 ba. Yaro a aji bai kamata tsirarsa ta rataya a kan jarumtar wani yaro ba. Abin da yake buƙata ya fi haka sauƙi, wato babba guda ɗaya da aikinsa ya tilasta masa kiran zagi da sunansa.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa Reunion littafi ne game da doka duk da babu kotu a cikinsa. Ya nuna cewa tanadin da ba shi da ƙofar kai ƙara bai kare kowa ba, kariyar da aka ɗora a kan cancanta kuma ba ta daɗewa. Ya kuma nuna cewa shari'ar farko da ɗalibi ke fuskanta ana yin ta ne cikin minti biyu a gaban allo. Dokokin da aka gina tun daga 1964 sun fi ƙarfi a daidai wurin da suka ɗora wa makaranta alhakin abin da ta sani ta kyale, suna kuma yin rauni idan aka nemi su auna ra'ayi ko su gyara zukata. Sauran aikin, wato sa mai karatu ya zauna a kujerar Hans ya ji yadda ɗaki yake yin tsit idan ya shigo, adabi ne ke yin sa, kuma wannan ɗan littafi ya yi nasa rabon.